Kaka ko damina: Yaushe ya fi dacewa a sayi gida a karkarar arewacin Kano?

Duk wanda ya bi titin Kano zuwa Katsina, daga Dawanau ya nufi Bichi, zai ga gonakin gero da gyaɗa da dama sun koma fuloti-fuloti, an kafa musu duwatsun iyaka. Haka abin yake a Ungogo da ɓangaren Minjibir. Birni na faɗaɗa, haya na tsada, masu ƙaramin ƙarfi na fitowa neman inda za su kafa bulo.

A yankin nan ƙasa ba ta da yawa. Gonaki manne suke da juna, kuma kowane rabon gado ƙara tsinka su yake yi. Shi ya sa farashi ba ya cika komawa baya, sai dai ya ɗan lafa, kuma lafawar tasa kalandar manomi take bi.

Da kaka kowa na da kuɗi a hannu. An kai amfani Dawanau, masu saye sun yi yawa, mai gida ba ya gaggawar sallamawa. Daga ƙarshen bazara zuwa tsakiyar damina kuwa rumbu ya yi ƙasa, ga kuɗin taki, ga na 'yan ƙwadago. A lokacin ne mai buƙata ke neman dillali da kansa.

Damina na da wata fa'idar da ta fi ragin farashi. Agusta ne watan da ruwa ya fi sauka a Kano, kuma shi ke tona asirin gida: kwanon da ke yoyo, katangar ƙasa da ta jiƙa, filin da ashe tsohon kududdufi ne aka cike da shara. Wanda ya duba gida a watan Janairu, fenti kawai ya gani.

Jira ma na da tsadarsa. Bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024. Masu tara kuɗin gini a asusu sun ga adashinsu na narkewa. Ga kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda zai ratsa ta Dambatta, ya sa wasu masu gonaki sun riƙe, suna jiran abin da zai biyo baya.

Inda mutane suka fi ƙonewa dai shi ne wajen takardu. Yawancin filayen awon igiya ne, shaidarsu takardar ciniki da sa hannun mai unguwa ko dagaci. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da shaidar mallaka a karkara. Idan gidan na gado ne, a ga dukkan magada ido da ido, har da mata da waɗanda ke ci-rani a Legas, kafin a biya ko la'adar dillali.