Abin Da Ke Hana Kabewa 'Ya'ya

Sau da yawa malami ko akawu yakan shuka kabewa a bayan gida da farkon damina, ta yi yaɗo har ta rufe danga, amma fure ya yi ta zuba ba ɗa. To, ga dalili. Furen kabewa iri biyu ne, namiji da mace. Macen ita ce mai ƙululu a gindi, kuma ba ta ɗaukar ɗa sai ƙudan zuma ya kai mata garin namijin. Saboda haka muna gargaɗi, kada a fesa maganin ƙwari da safe sa'ad da fure ke buɗe. In ƙudan ya yi ƙaranci, a tsinko namijin da sassafe a goga cikin macen. Bayan wata 3 ko 4, sai miyan taushe.