Ƙananan motoci marasa direba: ko su ne maganin cunkoson manyan birane?

Duk ma'aikacin da ya taɓa makara a bakin gadar Kennedy da safe ya san cewa Yamai ta fi ƙarfin hanyoyinta. A ƙidayar 1988 mutanen birnin ba su cika 400.000 ba, a ta 2012 sun haura miliyan ɗaya. An buɗe gada ta biyu a 2011, ta uku a 2021, amma motoci da babura sai ƙaruwa suke yi. Haka lamarin yake a yawancin biranen da ke bunƙasa, shi ya sa ake ta waiwayar wata tsohuwar dabara da ake kira PRT.

Dabarar ita ce a gina siririyar hanya ta musamman, galibi bisa ginshiƙai, a ɗora mata ƙananan motoci masu aiki da lantarki, kwamfuta na tuƙa su. Fasinja ya shiga, ya zaɓi tashar da zai sauka, motar ta kai shi ba tare da tsayawa ba, domin tasoshin suna gefen hanya.

Faransa ta gwada. Kamfanin Matra ya shafe shekara goma sha bakwai yana aiki kan tsarin Aramis a Paris, aka rufe shi a 1987 ba tare da ya fara jigilar jama'a ba. A Amurka, garin Morgantown ya buɗe nasa a 1975 domin ɗaliban jami'a. Yana da tasha biyar, kowace mota na ɗaukar mutum ashirin, amma kuɗin da aka kashe sun ninka kiyasin farko sau da yawa. Abu Dabi ta so a baza tsarin a duk faɗin sabon birnin Masdar. Da aka buɗe a 2010, tashoshin fasinja biyu kawai aka samu. A filin jirgin Heathrow na Landan, motoci 21 masu ɗaukar mutum huɗu suka fara aiki a 2011 kan hanyar da ba ta cika kilomita huɗu ba. Suncheon ta Koriya ta Kudu ta bi sahu a 2014. Duk inda abin ya yi aiki, jami'a ce, ko filin jirgi, ko wurin yawon buɗe ido.

Dalili yana cikin lissafi. A ce mota mai mutum huɗu tana wucewa kowane sakan uku: a awa guda an sami mota 1.200, wato mutum 4.800, in duk sun cika. Manyan bas na TransMilenio, da birnin Bogota ya buɗe a 2000, suna kwasar fiye da mutum 30.000 a awa a layi ɗaya. Ga kuma ƴar kasuwar da ke ɗauke da buhun albasa da kwandon tumatir: ina za ta sa kayanta cikin wannan ɗan akwati?

Sai batun wuta. A watan Agusta na 2023 Najeriya ta katse lantarkin da take ba Nijar, aka yi watanni ana fama. Motar da ke tafe bisa ginshiƙai, in wuta ta ɗauke, fasinja na iya tsayawa a sama.

Biranen Afirka da suka motsa, wata hanyar suka bi: Legas a 2008, Darussalam a 2016, Dakar a 2024, duk sun keɓe wa manyan bas layinsu daban. A Dakar ma bas ɗin masu lantarki ne, kan hanyar da ta kai kilomita 18.

Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki. Kafin magajin gari ya sa hannu kan kwangilar irin waɗannan motoci, ya kamata ya tambayi mutum nawa za su kwasa a awa, nawa talaka zai biya, kuma wa zai gyara su ranar da suka lalace.