Tano, laka da garwashi: gashin nama da banda a gida ba tare da ɓarnar itace ba

Duk wanda ya taɓa yin babbar salla a Tawa ko a Tebaram ya san yadda ake gashin layya. Ana feɗe rago, a banƙare shi a kan sanduna, a jera raguna kewaye da babbar wuta a ƙofar gida. Wutar nan tana ci tun hantsi har dare. Naman yana da daɗi, babu gardama. Amma a dubi tulin itacen da ke ƙonewa a yini ɗaya. Mafi yawan zafin wutar ba ya isa ga naman, iska ce ke kwashe shi.

A arewacin Adar itace ba abin wasa ba ne. Mata sun san nisan da suke yi kafin su haɗa dami ɗaya. Dattawa kuma suna tune da yadda aka sha wahala wajen mayar da itatuwa a Keita, inda aka fara babban aikin raya ƙasa a 1984. Dokar gandun daji ta 2004 tana nan, kuma gawo yana cikin itatuwan da aka hana sarewa. Saboda haka mai son gashi ko banda a gidansa, ya kamata ya nemi abin da zai tsare masa zafin wuta wuri ɗaya.

Dabarar ba baƙuwa ba ce. Mahauta sun daɗe da tukuba, inda ake kafa tsire kewaye da wuta. Mata kuma sun san murhun ƙarfe da ake kira Mai Sauƙi, wanda ya bazu a Nijar tun shekarun 1980. Sirrinsa ɗaya ne: an kewaye wuta, iska ba ta wasa da ita. Haka ma abin gashi yake. Yana bukatar bango, da raga, da murfi.

Zaɓen tano

Abu mafi sauƙin samu shi ne tano, wato duron ƙarfe mai cin lita 200. Maƙeran Tawa suna iya gyara shi iri biyu. Idan aka raba shi biyu a kwance, rabi ya zama mazaunin garwashi, rabi ya zama murfi. Wannan ya dace da tsire da balangu da kaza. Idan kuwa banda ake so, sai a bar shi a tsaye. A cire bakinsa na sama, a yanke ƴar ƙofa a ƙasa don sa wuta, a huda gefensa a zura sandunan ƙarfe da za su riƙe raga. Tsakanin garwashi da raga a bar kamu ɗaya ko fiye.

A nan ne ake bukatar hattara sosai. Kafin ka biya kuɗi, ɗan uwa, ka tambayi abin da tanon ya taɓa ɗauka. Tanon da aka zuba wa maganin fara ko maganin ƙwarin gona bai dace da abinci ba har abada. Wanki ba ya fitar da gubar, ƙonawa ma ba ta isa ba. Ko kyauta aka ba ka, kada ka karɓa. Wanda ya fi kyau shi ne tanon man girki. Tanon man fetur kuwa yana iya fashewa lokacin yanka, domin tururin man yana daɗewa a ciki ko da ana ganin babu kome. Maƙerin da ya san aikinsa yana cika irin wannan da ruwa kafin ya taɓa shi.

Bayan an gama ƙira, a hura babbar wuta a cikinsa a fili, ba tare da nama ba, har fentin ya ƙone sarai. A kankare, a wanke, a shafa wa ragar man gyaɗa. Kada a yi raga da ƙarfe mai fenti ko mai rufin roba, irin na tsohon firji.

Wanda ba shi da kuɗin tano

Laka ta isa. A gaskiya ma ta fi ƙarfe riƙe zafi, kuma ba ta tsatsa. Aibinta biyu ne: ba a ɗaukar ta zuwa wani wuri, kuma damina tana cin ta idan ba a yi mata rumfa ba.

A 1969, a wata unguwar masunta da ake kira Corkor a birnin Akara na ƙasar Gana, mata masu bandar kifi sun haɗa kai da masana na ƙasarsu da hukumar abinci ta duniya, FAO. Suka fito da murhun banda na laka mai kusurwa huɗu. Tsayinsa bai wuce ƙugun mutum ba, yana da ƙofar wuta a gaba. A samansa ana jera faifan raga masu bakin katako, ɗaya bisa ɗaya. Wuta ɗaya ce ke ratsa su duka, shi ya sa itacen da yake ci kaɗan ne. Murhun ya bazu a ƙasashen Afirka da yawa. Masu kama kifi a tafkin Tabalak da na Ɗan Dutsi suna iya amfana da irinsa, haka ma mai gidan da naman layya ya yi wa yawa. Magini kowane iri yana iya gina shi, kafinta ya haɗa faifan.

Gawayi ko itace?

Wasu suna zaton duk wanda ya sayi gawayi ya ceci daji. Ba haka ba ne. A yadda ake ƙona gawayi cikin rami, sai an ƙone kilo 5 zuwa 10 na itace kafin a sami kilo ɗaya. Ribar gawayi ita ce ba shi da harshen wuta, hayaƙinsa kaɗan ne, zafinsa kuma yana daɗewa. Tanadin kuwa daga bango da murfi yake fitowa. Wanda ke da busassun rassa yana iya ƙona su a gefe, in sun zama garwashi ya kwasa da shebur ya zuba. Aikinsu ɗaya ne.

Gawayi mai kyau yana da nauyi a hannu, kuma idan aka buga guda biyu suna yin ƙara. Na ƙirya ya yi suna wajen maƙera saboda ƙarfinsa. Gawayin ƙasa, wanda ake haƙowa a Cirozerin a jihar Agadas, na girkin tukunya ne. Kada a ɗora nama kai tsaye bisa hayaƙinsa.

Don ƙamshin banda, ɗan busasshen itacen magarya ko na bagaruwa ya isa a ɗora bisa garwashi. A guji tumfafiya da aguwa, domin ruwansu mai guba ne. A guji katako mai fenti. Abin da ya fi muni shi ne hura wuta da leda, ko tsohon takalmin roba, ko guntun taya. Ana yawan ganin haka, kuma hayaƙin yana manne wa naman da yara za su ci. Karan hatsi da busasshiyar ciyawa suna kama wuta sarai.

Yadda ake aiki da shi

A jira har gawayi ya yi ja, farar toka ta rufe shi. Sannan a ture garwashin gefe ɗaya, a ajiye naman a ɗaya gefen, a rufe. Ƙofar ƙasa ita ce linzamin wuta. In aka buɗe ta zafi ya ƙaru, in aka rage ta zafi ya sauka. A sama a bar ƴar kafa don hayaƙi ya fita. Hayaƙin da ake so siriri ne. Baƙi mai kauri yana sa nama ɗaci.

Me ya sa ake ture garwashi gefe? Idan kitse ya ɗiga cikin wuta, yana tashi da baƙin hayaƙi. Masana sun gano cewa irin wannan hayaƙi, da wurin da nama ya ƙone ya yi baƙi, suna ɗauke da abubuwan da ke iya jawo ciwon daji idan ana cin su kullum. Ba a ce a daina cin gashi ba. A ajiye tsohon kwano ƙarƙashin nama ya tari kitse, a kuma yanke wurin da ya ƙone.

Gaggawa ita ce ke kawo nama mai baƙin baya da ɗanyen ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa zafin cikin nama ya kai digiri 70. Ba kowa ke da ma'aunin zafi ba, don haka a tsaga wuri mafi kauri, kusa da ƙashi. Idan ruwan da ya fito ja ne, da sauran aiki. Ɗanyen naman shanu ne ke kawo tsila. Wuƙa da faifan da suka taɓa ɗanyen nama, a wanke su da sabulu kafin su taɓa gasasshe.

Wuta kuma ba ta gyara naman dabbar da ta mutu da ciwo. A 2016 zazzaɓin Rif ya ɓulla a yankin Cintabaraden da Tasara, ya kashe dabbobi da mutane. Mai yanka da mai fiɗa suna cikin waɗanda cutar ta fi kamawa, domin tana bin jinin dabba. Dabbar da ta yi ɓari ko take zazzaɓi, a kira malamin dabbobi ya duba ta kafin a sa mata wuƙa.

Lokacin ɗari, wasu sukan shigar da sauran garwashi ɗaki su rufe ƙofa. Wannan yana kisa. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana farawa da ciwon kai da jiri, mai barci kuwa ba ya farkawa. Tano ya zauna a fili, nesa da zana da rumbu da wurin wasan yara.

Banda ta ajiya ta fi gashi cin lokaci. A yanka nama sirara, a sa gishiri. Kifi kuma a cire masa hanji, a wanke, a bar shi ya tsane. Bandar awa biyu ko uku ta ci ce a kwana ɗaya ko biyu. Wadda za ta yi watanni tana bukatar ƙaramar wuta yini guda ko fiye, ana juyawa, har ta bushe ƙayau. A bar ta ta huce sarai kafin a sa cikin kwando mai shan iska, a rataye. Leda tana sa ta gumi ta yi funfuna. Idan ƙwari suka fara shiga, kada a barbaɗa mata maganin ƙwari. A mayar da ita bisa raga, a sake ba ta wuta.