Sankarar Jini: Dalilin da Ya Sa Likita Ke Neman Ɓargo

Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya da na taifot, ga kasala, ga fari fat a tafin hannu da cikin ido, ga dasashi na zubar da jini ko haɓo a kai a kai, bai kamata a ci gaba da yi masa sayen magani a kemis ba. A je asibiti a ƙirga ƙwayoyin jini. Waɗannan na daga cikin alamomin wata sankarar jini mai saurin yaɗuwa da likitoci ke kira AML, wadda ta fi kama manya, musamman waɗanda suka haura shekara 60.

Cutar a ɓargo take farawa, domin a nan ake ƙera jini. Ƙwayoyin da ya kamata su girma su zama fararen ƙwayoyi masu yaƙi da cuta sai su tsaya a ƙuruciya, su yi ta hayayyafa har su cunkushe ɓargon. Idan suka kai kashi 20 cikin 100 na ƙwayoyin ɓargon, likita kan tabbatar da cutar. Shan taba da yawan cuɗanya da sinadarin benzin da ke cikin fetur suna ƙara haɗarinta, don haka masu zuƙo mai da baki ta tiyo su kiyaye.

Inda dangi kan ja da baya shi ne idan an ce za a ɗebi ɓargo. Wasu na tsoron majinyaci zai shanye. Allurar a ƙashin ƙugu ta baya ake sa ta, bayan an kashe zafin wurin, ba ta kusantar laka. Abin da ake ɗiba kaɗan ne, jiki kuma yana mayar da gurbinsa.

A ɗakin gwaji ana renon wannan ɓargo ne a cikin abinci na musamman, da ɗumi irin na jikin mutum. A 1966, Ray Bradley da Donald Metcalf a birnin Melbon na Ostareliya suka nuna cewa ƙwayoyin ɓargo kan tsiro rukuni-rukuni a cikin faranti. Daga baya aka lura cewa na mai sankara sukan yi ƙananan dunƙule ne da ba sa nuna, ko su ƙi tsirowa. Yau an fi renon su kwana ɗaya ko biyu domin a duba kuromozom, wato zaren gadon da ke cikin ƙwayar, kuma sakamakon ne ke nuna irin maganin da ya dace.

Misali, idan kuromozom na 15 da na 17 suka yi musayar yanki, nau'in da ake kira APL ne. Yana iya kisa cikin kwanaki ta hanyar zubar jini, amma mafi yawan waɗanda aka fara wa maganin ATRA da asinik da wuri suna warkewa. Sauran nau'o'in galibi akan fara su da maganin sitarabin na kwana bakwai haɗe da donorubisin na kwana uku, wasu kuma sai an kai ga dashen ɓargo.

Ƙarin jini yana farfaɗo da majinyaci na ɗan lokaci, amma ba ya taɓa tushen cutar. Asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano da na Shika suna da sashen likitocin jini. Wannan cuta da makonni ake lissafinta, saboda haka idan likita ya nemi gwajin ɓargo, a amince a ranar.