Zaman Turawan Mishan 'Yan Sa Kai A Makarantar Kagoro

Wanda ya tashi daga Jere ya nufi gabas, ya ratsa ƙasar Kagarko da Kwoi, ya wuce Kafanchan kaɗan, zai tarar da garin Kagoro a gindin wani dogon dutse. A nan ne mishan ɗin da ake kira SIM ta kafa makarantar koyar da Littafi Mai Tsarki a farkon shekarun 1930, don horar da masu wa'azi da fastoci 'yan ƙasa. Malamanta na farko Turawa ne 'yan sa kai, waɗanda suka baro Kanada da Amurka da Birtaniya don raɗin kansu. Mutane da yawa sun san irin ɗaliban da makarantar ta yaye, amma kaɗan ne suka san irin zaman da malaman suka yi.

Asalin wannan mishan kuwa, samari uku ne suka sauka Ikko a shekarar 1893, watau Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, da niyyar shiga ƙasar Hausa. Kafin shekarar 1894 ta ƙare, Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, Bingham kaɗai ya koma gida da rai. Sai a 1902 suka sami kafa tasharsu ta farko a Patigi. Da yake Gwamnatin Turawa ta yi wa sarakunan Musulmi alkawarin ba za ta taɓa addininsu ba, sai ta taƙaita shigar mishan cikin ƙasashensu. Wannan ne ya karkata akalar SIM zuwa kudancin Zariya, ta zauna Kwoi a 1910, sa'an nan wajen 1927, lokacin da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kafanchan, wani mutumin Sikotilan mai suna Thomas Archibald ya buɗe tashar Kagoro.

Abin da ya kamata mai karatu ya fara sani shi ne, ma'aikacin SIM ba shi da albashi tsayayye irin na Baturen gwamnati ko na kamfani. Kafin ya taso, sai ya zaga coci-coci a ƙasarsu ya nemi waɗanda za su ɗauki nauyinsa. Abin da aka aiko shi za a raba tsakanin ma'aikata. In ya yi auki a gode, in ya kasa a ɗaure ciki. Bisa al'ada mutum yakan yi shekara huɗu yana aiki kafin ya tafi hutu gida, hutun ma rabinsa yawon ba da labari ne ga waɗanda suka taimaka.

Malami Ya Zama Ɗalibi

Da saukar baƙo, ba a ba shi alli. Shi ne ma za a fara zaunarwa a aji ya koyi Hausa, ya ci jarrabawa, tukuna a yarda ya tsaya gaban ɗalibai. Dalili kuwa a fili yake. Aji guda yakan haɗa mutumin Kagoro da Bajju da Atyap da Ham da Gbagyi, kowa da harshen uwarsa, babu abin da ya haɗa su sai Hausar kasuwa. Ga shi kuma a 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, aikin da Likita Walter Miller na Zariya ya yi wa hidima ƙwarai. Saboda haka Hausa ta zama harshen aji da na waƙa da na addu'a. Baturen da ya zo da digirinsa sai ya wayi gari yara suna gyara masa karin harshe, domin kuwa wanda bai iya bambanta “gashi” na kai da “gashi” na nama ba, wa'azinsa abin dariya zai zama. Baƙo, in ji Hausawa, ko da ido makaho ne.

Aikin yini yakan fara tun da sassafe da addu'a, sa'an nan a shiga aji kafin rana ta yi zafi. Ban da darussan addini, ana koyar da karatu da rubutu da lissafi, gama da yawa daga ɗaliban farko magidanta ne manoma, waɗanda ba su daɗe da sanin baƙi ba. Sukan zo da iyalinsu, su yi noman abin da za su ci. In damina ta kankama, dole tsarin karatu ya yi la'akari da gona, don yunwa ba ta san darasi ba. Matan Turawan su kuma suna tara matan ɗalibai, suna koya musu karatu da ɗinki da tsabta da renon yara, suna duba masu gyambo da zazzaɓi a ɗakin magani. Ƙarshen mako malami da ɗalibai su bazu ƙauyuka, wani a ƙasa wani a keke, su gwada abin da aka koya.

A gida ma babu hutu. Ruwan sha sai an tafasa an tace, barci sai cikin gidan sauro, kwinin kuwa kullum ne, don kowa ya san abin da zazzaɓi ya yi wa na farko. Da dare a kunna fitilar kananzir a duba littattafan ɗalibai, a shirya darasin gobe da hannu, tun da littattafan Hausa na koyarwa ba su da yawa, a kuma rubuta wasiƙu waɗanda sai sun yi makonni a jirgin ruwa kafin su isa. Abin da ya fi ci musu rai shi ne rabuwa da 'ya'ya. Yaro na isa shiga makaranta, sai a kai shi makarantar kwana ta Kent Academy a Miango kusa da Jos, ba za a sake ganinsa ba sai hutu. Maƙabartar Miango tana nan har yanzu, da kaburburan manya da na ƙananan yara waɗanda ba su koma gida ba.

Inda Aka Sami Saɓani

Duk da haka, zaman bai rasa abin suka ba. Komai talaucin ɗan mishan a idon mutanen ƙasarsu, a idon ɗalibinsa mai arziki ne, yana da gidan kwano da kuku, daga baya har da mota. Da yawansu sun yi gaggawar haramta kiɗa da rawa da al'adun gargajiya ba tare da sun tsaya sun fahimce su ba. Har ila yau SIM ta daɗe tana ɗari-ɗari da ilmin Turanci mai zurfi, tana tsoron kada ɗalibai su gudu aikin gwamnati, alhali kuwa jama'a shi suke nema ruwa a jallo. Fifita Hausa da aka yi ya haɗa kan kabilu, amma ya danne harsunansu a cikin coci, abin da ya sa a yau ake ta faman fassara littattafai cikin waɗannan harsuna don kada su ɓace.

To, amma da me za a auna aikin irin wannan malami? Da ranar da za a iya yi ba tare da shi ba. A 1948 aka kafa ƙungiyar masu bishara 'yan ƙasa, wadda coci-cocin gida suke ɗaukar nauyinta. A 1954, a wannan gari na Kagoro, aka kafa ekklesiyar ECWA, lokacin sarautar Malam Gwamna Awan, wanda shi kansa ya tashi a hannun mishan, ya kuma riƙe sarautar Kagoro daga 1945 har rasuwarsa a 2008. A 1976 SIM ta miƙa wa ECWA ragamar ayyukanta a Nijeriya. Makarantar Kagoro ta bunƙasa ta zama babbar makarantar tauhidin Kirista, shugabanninta da malamanta 'yan ƙasa ne.

Darasin da ke ciki bai tsaya ga mabiya addini guda ba. Duk mai zuwa aikin taimako a ƙasar wani, likita ne ko malami ko ɗan hidimar ƙasa da aka tura wata jiha, ya fara koyon harshen masu gida, ya ci abin da suke ci, ya tambaya kafin ya hana, sa'an nan ya horar da wanda zai gaje shi tun yana da sauran ƙarfi.