Shirinmu Na Yau: Ɗan Shekara 16, Wa Zai Koya Masa Zama Ɗan Ƙasa?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta ba su damar sauraro ba.

Yau Ingila za mu leƙa. Akwai wata tambaya da ta daɗe tana damun masu tsara ilimi a can, kuma ni ma ta tsaya mini a rai: yaron da ya cika shekara 16, saura shekara biyu kacal a ba shi ikon jefa ƙuri'a, wa ke koya masa yadda ƙasarsa ke tafiya?

Bari in fara da bayanin wurin, don kada mu ruɗe. A Ingila, idan yaro ya gama jarrabawar sakandare yana shekara 16, hanya takan rabu. Wasu su zauna a makarantarsu su yi shirin shiga jami'a. Wasu da yawa kuma su wuce abin da za mu kira kwalejin ƙaro ilimi. A nan ake koyon aikin famfo, wayarin lantarki, gyaran mota, girki, gyaran gashi, kula da yara da tsofaffi, har da darussan shiga jami'a ga mai so. Tun 2015 doka ta ce sai matashi ya ci gaba da karatu ko koyon sana'a har ya cika 18. Wato waɗannan kwalejoji cike suke da matasan da gobe su ne ma'aikata, su ne masu biyan haraji, su ne masu zaɓe.

To, daga ina maganar ta taso? A 1997 gwamnatin Tony Blair ta hau mulki, aka ba David Blunkett ma'aikatar ilimi. Shi Blunkett makaho ne tun haihuwa, kuma ya yi karatun siyasa a Jami'ar Sheffield a hannun Farfesa Bernard Crick. Da ya zama minista sai ya kira tsohon malaminsa ya jagoranci kwamiti. A 1998 kwamitin ya fitar da rahoto, ya ce ilimin zama ɗan ƙasa ƙafa uku gare shi, kamar murhu: sanin haƙƙin da ke kanka game da jama'a, shiga harkokin unguwa da al'umma, da fahimtar yadda siyasa da hukuma ke aiki. A 2002 darasin ya zama dole a sakandare, ga 'yan shekara 11 zuwa 16.

Kun ga inda gizo ke saƙar? Dolen ta tsaya a 16. Daidai lokacin da matashi ya fara karɓar albashi, ya fara tunanin haya, ya kusa zaɓe, a nan darasin ya ƙare. Shi ya sa Crick ya sake jagorantar wani kwamitin, wanda a 2000 ya fitar da rahoto na biyu a kan 'yan 16 zuwa 19. A 2001 aka fara shirin gwaji a kwalejoji da wuraren koyon sana'a da ƙungiyoyin matasa. A shekarar ne kuma aka yi babban zaɓen da kusan kashi 59 cikin 100 kawai suka fito, abin da ba a ga irinsa ba tun 1918. Hankalin manya ya tashi.

Amma fa wannan karon ba a mai da shi dole ba, kuma ba a ce a zaunar da su a aji ana karanto musu tsarin mulki ba. Ku yi tunani mana. Saurayin da ya zo koyon kanikanci, wataƙila ma gajiya da allo ce ta kawo shi, ka ce ya haddace yawan kujerun majalisa? Barci zai yi, wallahi. Dabarar ita ce a ɗauko maganar daga cikin sana'arsa. Mai koyon gini a tambaye shi: wa ke ba da izinin gini a garinku, kuma me ya sa gidaje suka yi wa matasa tsada? Mai koyon girki ya bincika wa ke duba tsaftar gidajen abinci. Mai koyon gyaran gashi ta san mafi ƙarancin albashin da doka ta yanka wa mai shekarunta, da inda za ta kai kuka idan an danne mata.

Sannan a bar su su yi da hannunsu. Misali kuɗin motar zuwa kwaleji ya yi musu yawa: su tattara bayani, su rubuta takarda, su gayyaci kansila ko ɗan majalisarsu ya zo su yi masa tambayoyi ido da ido. Ko sun ci nasara ko ba su ci ba, sun gane ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. A dokar Ingila ma ɗalibai na da kujera a kwamitin da ke gudanar da kwalejin, don haka zaɓen wakili a can ba wasan yara ba ne.

Ba na so ku ɗauka komai ya tafi sumul. Abin da ba dole ba, kuma babu jarrabawa a kansa, shi ake fara yankewa idan kuɗi ko lokaci ya yi kaɗan. Malamin walda kuma ba lallai ya iya riƙe zazzafar muhawara kan addini ko baƙin haure ba, sai an horar da shi. A 2015 wata dokar yaƙi da ta'addanci ta ɗora wa kwalejoji nauyin kare ɗalibai daga tsattsauran ra'ayi, ana kuma buƙatar su cusa dimokuraɗiyya, bin doka, 'yancin kai, da mutunta masu addini daban. Masu suka, ciki har da ƙungiyoyin malamai da na Musulmi, sun ce hakan na iya sa ɗalibi ya kama bakinsa don tsoron a kai rahotonsa. Ajin da ake tsoron magana kuwa ba a koyon muhawara a cikinsa.

Yanzu maganar ta ƙara zafi. Sikotland ta bar 'yan 16 sun yi zaɓen raba gardama na 2014, Wales ta bi sahu a zaɓen majalisarta na 2021, kuma a Yulin 2025 gwamnatin Birtaniya ta sanar da niyyar sauke shekarun zaɓe zuwa 16 a faɗin ƙasar. Idan haka ta tabbata, yaro zai shiga kwaleji da ƙuri'arsa a hannu.

Mu fa? A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 a Najeriya, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin 100 na masu rajista ba. Ni dai na yi darasin nan a makaranta, na haddace, na rubuta jarrabawa, amma na girma ban san ofishin kansilan mazaɓarmu ba. Ƙanenmu da ke garejin kanikanci da shagon tela, su ko haddar ma ba su samu ba.

Aikin gida na wannan makon: ka nemo sunan kansilanku, ka gano abu ɗaya da ke wuyansa a unguwarku, sannan ka zaunar da ƙaninka ko ƙanwarka ka yi musu bayani. Ku rubuto mana abin da kuka gano a ƙasa. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.