Kafinta, San Filenka Kafin Ka Nemi Kayan Gyaransa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar kafinta ana haɗa taga ko kabad ya ga wani ɗan gurbi da ake fitarwa a gefen katako, inda gilashi ko ƙyaure zai zauna daram. Wannan gurbi shi ne kafintoci ke kira ribet, kuma akwai filen na musamman da ake fitar da shi. Bambancinsa da filen goge katako shi ne wuƙarsa ta kai har bakin jikinsa ta kowane gefe, saboda haka tana yanka har cikin lungu. Ko da yake injunan lantarki sun karɓe yawancin wannan aiki, ran da aka ɗauke wuta ga mai kaya yana jira, tsohon filen ne ke fid da kafinta kunya. Da tsohuwar zuma ake magani.

Abin takaici shi ne da yawa daga cikin waɗannan filen suna kwance a gindin akwati suna tsatsa, ba don sun lalace ba, sai don wani ɗan ƙarfe da bai kai farce ba ya ɓata. Mai shi ya je kasuwa ya sayo wanda ya yi kama da shi, ya zo ya ƙi shiga, ya yi asarar kuɗi, wani lokaci har da filen ɗin gaba ɗaya. Maganin wannan kuwa ɗaya ne, watau mutum ya san filensa tukuna.

Mafarin sani shi ne a wanke jikin filen da kananzir, a karanta abin da aka zuba a kansa. Wanda aka fi samu shi ne Stanley mai lamba 78, wanda kamfanin ya fara fitarwa a Amurka a shekarun 1880, daga baya kuma aka riƙa ƙera shi a Shafil ta ƙasar Ingila, bayan da kamfanin ya kafu a can a 1937. Tsawonsa inci 8 da rabi, faɗin wuƙarsa inci 1 da rabi, kuma mazaunin wuƙa biyu gare shi, ɗaya a tsakiya don aikin yau da kullum, ɗaya a can gaba don kaiwa ƙarshen lungu. Kamfanin Record, shi ma na Shafil, ya yi nasa mai lamba 078, wanda idan ba a lura ba sai a ce tagwaye ne, sa'an nan ya yi mai lamba 778. Irin waɗannan na Ingila sun shigo ƙasar nan. Akwai kuma na Indiya da aka kwaikwaya daga baya. Amma fa kama da wane ba ta wane.

Abubuwa huɗu ne suka fi ɓata. Na farko jagora, watau ƙarfen da ke bin gefen katako yana tsai da faɗin gurbi. A Stanley 78 da Record 078 sanda ɗaya ce ke riƙe da ita, a 778 kuwa sanduna biyu ne, don haka jagorar wannan ba ta hawa wancan. Na biyu madakatar zurfi, wadda ke hana wuƙa wuce inda aka nufa. Na uku ɗan haƙori mai baki uku da ke gaban wuƙa, wanda ke tsaga katako kafin ta iso idan ana yanka a karkace da tsirin itace, don kada gefen ya yayyage; in baki ɗaya ya dakushe sai a juya wani. Na huɗu murfin da ke danne wuƙa tare da sukurunsa.

Ita ma wuƙar tana da nata sirri. Tun daga 1925 Stanley ya ƙara wani ɗan hannu da ke tura wuƙa gaba ko baya, kuma wuƙar da ke aiki da shi tana da tsage-tsage a bayanta inda hannun ke kamawa. Wadda ba ta da su za ta zauna, amma hannun ba zai motsa ta ba. A Record 778 kuwa da sukuru ake matsar da ita. Har ila yau, wajibi ne wuƙa ta ɗara jikin filen faɗi da kamar silin gashi. Idan ta gaza, kowace tura sai filen ya ɗan ja baya, gurbin ya fito da tudu-tudu kamar matakala.

Babban haɗari yana wajen sukuru. An ƙera waɗannan filen a kan awon inci, kuma Stanley ya yi amfani da wasu zare nasa na kansa da ba a cika samu a kanti ba. Mu kuwa tun shekarun 1970 Nijeriya ta koma awon mita, yawancin sukurun da ke kasuwa a yau na milimita ne. Jikin filen zubin ƙarfe ne, ga nauyi amma ba ya jure dole. Idan sukuru ya yi zagaye ɗaya ko biyu ya cije, a dakata nan take, domin in aka matsa masa zai cinye zaren ramin, ko ya tsaga jikin, kuma zubin ƙarfe in ya tsage da wuya walda ta mai da shi daidai.

To, ina za a nema? Matambayi ba ya ɓata. A fara da tsofaffin kafintoci, don sau da yawa akwai karyayyen filen a ajiye da sauran kayansa lafiya lau, kuma sayen irin wannan dungurungum ya kan fi sayen ƙarfe ɗai-ɗai sauƙi. Daga nan sai kasuwannin tsofaffin ƙarafa, irin su Panteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano, da Owode Onirin a Ikko. A tafi da filen ɗin a hannu, a gwada a gaban mai sayarwa. Wanda zai yi oda daga waje ta intanet, ya faɗi sunan kamfani da lamba, ya aika da hoto da awo, ya kuma lissafa kuɗin aikowa, kada ya fi na ƙarfen.

Abin da ya gagara samu, wani ana iya yinsa a gida. Mai injin tana zai iya fitar da sanda da sukuru in an kai masa samfur, jagora kuwa kafinta na iya yin ta da katako mai tauri, ko ya ɗaure miƙaƙƙen katako a kan aikin filen ya bi jikinsa. In babu haƙori, a tsaga layin da wuƙa mai kaifi kafin a fara. Wuƙar filen ce kawai ba a yi mata arha, domin ƙarfen da bai sha wuta daidai ba ba ya riƙe kaifi.

Daga ƙarshe, shawararmu ga iyayen gidan sana'a ita ce su koya wa yaransu mayar da kowane ƙarfe mazauninsa da zarar an tashi aiki, a ɗaure sukuru, a shafa ɗan mai. Haƙorin da ya faɗa cikin dusar katako yau, gobe da shara za a kwashe shi.